Nawa banki zai ba ka ka sayi gida a Ingila?

Yaya, barka da war haka. Ka tambaye ni ko da gaske ne a Ingila matashi kamata yana iya sayen gida ya zuba 'yan haya. Da gaske ne, amma da sauran rina a kaba. Wata uku ke nan ina bin lamarin a nan Bradford.

Abin da ya fara burge ni shi ne kana zaune a ɗakinka za ka iya lissafa abin da za su ba ka. Idan gidan da za ka zauna ne, yawancin bankuna suna ninka albashinka na shekara sau 4 zuwa 4 da rabi. Nawa fam 32,000 ne, ka ga iyakata ba za ta wuce 144,000 ba. Gidan haya kuwa ba albashi suke fara dubawa ba, hayar suke dubawa. Kafin alƙalami kashi 25 cikin ɗari ne. Wani gida mai ɗaki biyu da na gani, fam 120,000, sai na ajiye 30,000 su cika 90,000. Daga nan su ƙiyasta ruwa kamar kashi 5.5 a shekara, wato fam 412 a wata, su ce dole hayar ta ɗara hakan da aƙalla kashi 25, wani lokacin 45. Ka ga sai gidan yana kawo fam 515 zuwa 600 duk wata kafin su saurare ni.

Na shiga wurin wani dillalin bashi, mai nema wa mutum bankin da zai ba shi bashin gida, ina ganin an gama. Ya karɓi takardun albashina na wata uku da bayanan asusuna, ya ɗauki biro ja yana bi layi-layi. Da ya iso kan fam 300 ɗin da nake turo wa Inna duk wata sai ya ja masa layi, ya ce wasu bankunan za su lissafa shi cikin nauyin da ke kaina. Wallahi abin ya sosa min rai. Abin da muke ɗauka albarka ne, a takardarsu ragi ne. Na ce masa wannan kam ba ya cikin abin da za a taɓa.

Sai batun tarihin bashi. A gida wanda bai taɓa cin bashi ba shi ne mutumin kirki. A nan, idan kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, irin su Experian da Equifax, ba su da labarin ka taɓa ci ka biya, baƙo ne kai. Banki ɗaya ya mayar da ni saboda haka, wani kuma ya ce ba ya ba wanda bai mallaki gidan kansa ba bashin gidan haya. Dillalin ya sa na yi rajistar zaɓe, tunda ɗan Najeriya mai izinin zama yana da wannan damar, kuma tana tabbatar da adireshi.

Na san za ka ce ina batun riba, wato haramcin kuɗin ruwa. Shi ya fi hana ni barci. Akwai bankin Gatehouse mai tsarin musharaka: ku sayi gidan tare, kana biyan hayar kasonsa kana saye a hankali har ya zama naka. Yakan fi tsada, kuma binciken duk ɗaya ne, amma can zuciyata ta karkata.

Idan na tuna gida, asusun gidaje na ƙasa yana cire kashi 2.5 na albashin ma'aikaci, ya ce zai ba da bashi a kan kashi 6, amma mutum nawa ka sani a unguwarmu da ya samu? Bankunan kasuwa kuwa ruwansu ya haura kashi 20. Shi ya sa muke sayen fili, a kwashi adashi a buga bulo, a jira baɗi a yi rufi.

Yanzu fam 19,000 na tara, saura 11,000, ban da kuɗin lauya da na mai duba gini. Don Allah kada a sayar da filin nan na Kumbotso tukuna, a bar ni in ga abin da shekara mai zuwa za ta yi. A gaida Inna da yara.