Warin Baki: Me Ya Kamata Ka Fara Saya?

Duk wanda warin baki ya dama, abin da yakan fara saya shi ne ruwan kuskure baki, don ƙamshin na'a-na'a yana kwantar da hankali nan take. Ni dai a ƙarshe nake ajiye shi, ga kuma dalilina.

Kusan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na warin baki daga cikin bakin yake tasowa, ba daga tumbi ba kamar yadda ake yawan zato. Ƙwayoyin cuta ne ke maƙalewa a can bayan harshe da tsakanin haƙora, suna cin ragowar abinci, suna fitar da iska mai sinadarin salfa, irin warin ruɓaɓɓen ƙwai. Saboda haka abin kankare harshe ne ya cancanci kuɗinka na farko. Akwai na roba, akwai na ƙarfe. Na ƙarfen ya fi ƙarko da sauƙin wankewa. Daga baya ake jan shi zuwa gaba, a hankali, sau ɗaya a rana. Ranakun farko zai sa ka yunƙurin amai, amma ana sabawa.

Sai zaren sakace ko ƙananan buroshi masu shiga tsakanin haƙora. Mai haƙora a matse, zare ya fi masa. Mai wushirya ko giɓi, ɗan buroshin. Ka shinshina zaren bayan ka fito da shi, nan za ka gane inda warin yake kwana.

Buroshi mai laushi da man goge baki mai fulorayid sun wadatar, minti 2, safe da dare, a canza buroshin duk wata 3. Na lantarki yana taimaka wa mai gaggawa, amma ba dole ba ne.

To, ruwan kuskuren fa? Ba duka ne ɗaya ba. Mai barasa a ciki yakan busar da baki, alhali yawu ne ke wanke bakin, in ya ƙafe wari ya ƙaru. Mai sinadarin zinki yana kashe kaifin salfar. Mai chlorhexidine, wani sinadari mai kashe ƙwayoyin cuta, ya fi su ƙarfi, sai dai in aka daɗe a kansa yana rina haƙora su yi ruwan ƙasa, ya kuma dagula ɗanɗano, shi ya sa ake ba da shi na ɗan lokaci bisa shawarar likita. Kada a kuskure da shi nan da nan bayan goge baki, a ba da tazara.

Akwai inda duk waɗannan ba sa kaiwa. Dattin da aka bari a gindin haƙori yakan daskare cikin 'yan kwanaki ya koma kamar dutse, babu buroshin da zai ɓamɓare shi. In dasashinka na jini in ka goge, ko ya kumbura, daina sayen kwalabe, ka je wurin ma'aikacin tsaftace haƙori a asibitin haƙori. Zai auna zurfin ramin da ke tsakanin dasashi da haƙori: milimita 1 zuwa 3 lafiya lau, daga 4 abin dubawa ne. Sannan ya kankare dattin da na'ura, ya nuna maka wuraren da hannunka ke tsallakewa. Kafin a fara, ka tambaya ko kankarewa ta sama ce ko mai shiga ƙarƙashin dasashi, domin aikin da kuɗin sun bambanta.

In an yi duk wannan wari bai tafi ba, a duba maƙogwaro da hanci, ciwon suga, ko magungunan da ke busar da baki. Mai shan taba kuma, daga barin tabar ya kamata ya fara.