Sensan ribas na mota: yana aiki, amma a kiyaye idonsa

Masu tambaya kan sensan ribas ɗin nan mai ido huɗu da ake huda bamba a saka, ni dai na sa a motata kuma wallahi kuɗina bai tafi a banza ba, amma ku san yadda yake aiki kafin ku kai wa rewaya.

Ba kyamara ba ce fa, da sauti yake gani. Cikin kowane ido akwai ɗan faifai siriri da ake kira fiyezo, in ka ba shi wuta sai ya yi karkarwa, in kuma aka matsa shi ko sauti ya buge shi sai shi ma ya fitar da wuta, irinsa ne a laitan gas mai ƙas-ƙas. To faifan ne ke harba sauti wajen kilohaz 40 (wato karkarwa dubu 40 a daƙiƙa), mu kunnenmu ba ya jin abin da ya wuce 20, sautin ya daki bango ya dawo, faifan nan dai ya karɓa, akwatin sensan da ke but ya lissafa nisa daga lokacin da sautin ya ɗauka kafin ya dawo, tunda sauti na gudun kusan mita 343 a daƙiƙa. Aikin jemage sak. Pierre da Jacques Curie ne suka gano wannan hali na fiyezo a Faransa a 1880, daga baya Paul Langevin ya yi aiki da shi wajen farautar jiragen ƙarƙashin ruwa a yaƙin duniya na farko.

Bango, mota, babur da aka faka a bayanka, duk yana kamawa tun daga kusan mita ɗaya da rabi, kana matsowa ƙarar gargaɗin na ƙara sauri har ta haɗe. Layinmu yara ba sa rabuwa da bayan mota, don su na saka shi, kuma hankalina ya fi kwanciya sosai.

Inda yake gazawa: lambatu. Rami ba ya maido da sauti, haka zai yi shiru tayarka ta faɗa. Siririn ƙarfe da ƙaramin dutse ma wani lokacin yana tsallake su. Sannan in taɓo ya toshe idon da damina sai ya dinga ihu babu komai a baya, goge shi da tsumma kawai ya dawo daidai. Mai fenti kuma ku ja masa kunne, in ya lafta fenti mai kauri faifan ba zai yi karkarwa yadda ya kamata ba.

Ku ce wa rewaya ya sa idanun a miƙe, kar su kalli ƙasa, kuma ku ci gaba da duba madubi.