Typography na MUI a kan shafin Hausa: yana daidaita rubutu, amma sai an saita masa haruffa masu lanƙwasa

Wanda ya taɓa gina shafin intanet da React, wato manhajar JavaScript ta haɗa fuskar shafi, ya san yadda rubutu ke watsewa idan aiki ya yi tsawo. Kan magana a nan fiksel 24, a can 26, bayanin farashi wani baƙi wani toka-toka, kowa ya zo ya sa nasa. Maganin wannan shi ne Typography, ɗaya daga cikin kayan haɗa shafi na MUI, wani tarin shiryayyun kayan React, wanda aka gina kan tsarin Material Design da Google ta fitar a 2014. Kyauta ne. Na gwada shi a kan shafin kayan wani shago da ke Kasuwar Wunti a Bauchi, mai rubutun Hausa zalla, kuma na gamsu da shi, sai dai akwai gyare-gyaren da ba a tsallake su.

Amfaninsa a bayyane yake. Nau'in rubutu goma sha uku yake zuwa da su: h1 zuwa h6 na kanun magana, subtitle1 da subtitle2, body1 da body2 na gundarin rubutu, sai button, caption da overline. Girma da kauri da tazarar layi na kowanne suna wuri guda, cikin jigon shafi (theme) da ake haɗawa da createTheme. Ka canza body1 sau ɗaya, shafuka hamsin su bi. Shi body1 yana zuwa da 1rem, wato fiksel 16, da tazarar layi 1.5, kuma wannan ya yi wa Hausa daidai, ban taɓa shi ba.

Matsala ta farko ita ce h1. An sa masa 6rem, fiksel 96 ke nan, kuma siriri. A fuskar waya mai faɗin fiksel 360, irin wadda ke hannun yawancin masu saye, kalma ɗaya kamar "Sanarwarmu" sai ta fita waje, mutum ya riƙa jan shafi gefe. Idan ka nannaɗe jigon da responsiveFontSizes, zai sauko zuwa 3.5rem a ƙaramar waya, ya riƙa ƙaruwa a faɗin 600, 900 da 1200. Ko hakan ma ya yi yawa a ganina. Gara ka rubuta 2rem da hannunka, da kauri 700.

Inda ya kamata a tsaya sosai shi ne ƙ, ɗ da ɓ. Typography yana kiran salon haruffan Roboto, amma ba ya ɗauko shi. Kai za ka saka, galibi ta @fontsource/roboto, da kauri 300, 400, 500 da 700. To, ana raba fayilolin haruffa kashi-kashi. Kashin da ake kira latin ya ƙunshi haruffan Turanci da na wasu harsunan Turai ne, babu namu a ciki, domin ƙ tana U+0199, ɓ tana U+0253, ɗ kuma U+0257. Mai son rage cin data sai ya ɗauko latin kaɗai, ya bar latin-ext, kashin ƙarin haruffa da lambobin namu suka faɗa ciki. Sakamakon: burauza ta rasa harafin, ta aro shi daga wani salon da ke cikin wayar. Sai ka ga "ƙosai" ƙ ɗinta ta fi sauran kauri ko ta ɗan yi sama, kamar baƙuwa a gidan biki. A wata tsohuwar wayar ma ɗan akwati za ka gani. Alamar ₦ ita ma ba ta cikin latin, don haka farashi yana shiga wannan halin. Kuma ko an ɗauko latin-ext, ba kowane salo ne aka zana wa haruffanmu ba. Noto Sans yana da su, haka Andika na SIL. Ka sa ɗaya a fontFamily na jigon, kowane Typography zai gada.

Ga jimlar gwaji, a liƙa ta a kowane nau'i a duba a waya, ba a kwamfuta kaɗai ba: "Ɓera ya ɓarar da ƙuli-ƙulin Ɗanladi ɗan Ƙofar Wambai, na ₦500." Manya da ƙanana duk suna ciki. Manyan suna da muhimmanci saboda button da overline suna mayar da rubutu manyan baƙaƙe da kansu, "ƙara a kwando" ya koma "ƘARA A KWANDO". A sa textTransform ya zama none, an huta, kuma ya fi daɗin karatu.

Wani abin da na yaba shi ne raba kama da ma'ana. Za ka iya rubuta variant="h5" tare da component="h1", rubutu ya fito matsakaici amma injin bincike da manhajar da ke karanta wa makafi shafi su ɗauke shi babban kan magana. A kula dai, subtitle1 da subtitle2 suna fita a matsayin h6, sai jerin kanun shafi ya rikice ba ka sani ba. Haka body1 yana fita a matsayin p, wato alamar sakin layi, kuma HTML bai yarda a cusa div (akwatin haɗa abubuwa) ko wani p cikin p ba. React zai yi gargaɗi, Next.js kuwa, tsarin gina shafi da ke aiki a kan React, zai iya jefo kuskuren rashin daidaito tsakanin abin da uwar garke (server) ta aiko da abin da burauza ta gina. Ana gyara shi da component="div".

Shi kuwa noWrap, a yi hattara. Yana yanke layi ya sa ɗigo uku, kuma sunan kaya da Hausa yakan yi tsawo: "Atamfa mai ruwan zuma, turmi ɗaya" sai ta tsaya a "Atamfa mai ru...", mai saye bai san launi ba balle yawa. A katin kaya na cire shi, na bar suna ya sauka layi biyu, na sa gutterBottom ya ba da tazarar 0.35em kafin farashi.