Faiba ko rauta mai sim: wanne za a sa a gida?

Tun da aka fara jan wayar faiba zuwa gidaje a wasu unguwannin Kaduna, mutane ke ta tambayata: wajen samun intanet, a haɗa faiba ne, ko a ci gaba da rauta mai sim, wato na'urar da ake sa wa sim ta raba intanet a gida?

Babban bambancin yana kan hanyar da saƙo ke bi. Faiba zaren gilashi ne siriri kamar gashi, haske ne ke ɗauko bayanai ta cikinsa har ɗakinka. Shi ya sa ƙarfinsa ba ya raguwa sosai ko bayan sallar isha'i. Rauta kuwa ta iska take samun sabis daga turken kamfanin waya, kuma duk 'yan unguwa turken ɗaya kuke rabawa. Da kowa ya dawo gida, bidiyo ya fara tsayawa, kira ya riƙa yankewa. Wajen tura manyan fayiloli ma faiba ya yi mata nisa.

Ta fuskar kuɗi, faiba na da kuɗin haɗawa da na wata-wata, amma galibi ba a ƙidaya maka data. Rauta saye ka kunna, sai dai data na ƙarewa.

Faiba ma yana da nasa rauni: aikin titi ko haƙar kwata kan tsinke wayar, sai ka jira ma'aikata. Ba kowane layi na unguwa ya isa ba, kuma ba zai bi ka Zariya ba.

Mai gidan kansa da iyali da yawa, ko mai aiki daga gida, faiba ya fi dacewa da shi. Ɗan haya, ɗalibi da mai yawan tafiya, rauta ta ishe su.