Mastas ɗin jinya ta hanyar zane a Ingila: karatun ya yi, amma ku duba aljihu tukuna

Salam jama'a. Masu tambayata a inbos kan wannan kwas da nake yi sun yi yawa, wasu ma na kasa ba su amsa, to bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta. Ina shekara ta biyu yanzu a mastas na jinyar matsalolin ƙwaƙwalwa ta hanyar zane a wata jami'a a Ingila. Sunan makarantar ba zan faɗa ba don akwai abubuwan da zan soka kuma har yanzu takardata tana hannunsu.

Da farko dai ku cire tunanin cewa ajin koyon zane ne. Ba ruwan kowa da ko zanenka ya yi kyau. Aikin shi ne ka zauna da mutumin da abu ya yi ma nauyi a zuciya har ya kasa faɗa da baki, yaro ne da ya ga abin da bai kamata ya gani ba, ko tsoho mai ciwon mantuwa, ko wanda ke kwance a sashen masu taɓin hankali, ka ba shi takarda da fenti ko yumɓu, abin da ya fito daga hannunsa shi ne ƙofar maganar. A nan sana'a ce mai rajista, hukumar HCPC mai yi wa ma'aikatan lafiya rajista ce ke riƙe da ita kamar yadda take riƙe da masu gashin ƙashi, kuma laifi ne ka kira kanka da sunan in ba ka cikin rajistarsu. Haka masu yi da kiɗa da masu yi da wasan kwaikwayo. Abin ya daɗe a wurinsu, Adrian Hill wani mai zane ne ya raɗa masa suna a 1942 bayan ya yi jinyar tarin fuka, ƙungiyarsu kuma BAAT tun 1964 take.

Samun gurbi ba wai sai mai babban sakamako ba, amma ba a shiga haka kawai. Suna son digiri, yawanci na zane ko abin da ya yi kusa da shi, da tarin ayyukanka na zane da za su gani, sannan abin da mutanenmu ke tsallakewa: sai ka yi aiki da mutane masu buƙatar kulawa kamar na shekara guda, gidan marayu ko makarantar masu buƙata ta musamman ko sansanin 'yan gudun hijira ko asibiti. A intabiyu a kan wannan suka fi tsayawa. Turanci kuma HCPC maki 7 take nema a IELTS.

Koyarwar kam wallahi ba ni da abin cewa sai yabo. Abin da ya fi burge ni shi ne zaman rukuni da muke yi duk mako, mu ɗalibai da malama ɗaya, ba lakca ba komai, ga kayan zane nan a tebur kowa ya yi abin da ya ga dama sai a zauna a duba tare. Farkon zuwana na ɗauka ɓata lokaci ne, kuɗi mai yawa haka a ce in zo in yi ta cuɗa yumɓu malama ta yi shiru tana kallo, ashe a nan ake koyon aikin, don sai ka ɗanɗana yadda ake ji in an zuba wa abin da ka zana ido kafin ka san yadda za ka kalli na wani ba tare da ka yi saurin fassara masa ba. Kuma suna hana wannan sosai, wai ka ga yaro ya shafa baƙi ka ce ai baƙin ciki ne. A'a, shi za ka bari ya faɗa, ko ma kar ya faɗa. Sufabaiza ta a asibitin da nake koyon aiki ita ma mutuniyar kirki ce, duk mako sai mun zauna mun bi aikina ɗaya bayan ɗaya.

Inda na rage masu maki a karatun shi ne littattafan. Masanan halayyar ɗan Adam irin su Winnicott, Freud, Jung, Bowlby, kullum su ne, duk Turawa, kuma duk a kan gidan da uwa ɗaya ce ke renon ɗa ɗaya ko biyu. Da na kawo maganar yaron da ya tashi a gidan yawa, goggo ta goya shi kaka ta yaye shi, ko 'yar fari da uwarta ke kunyar kiran sunanta, sai aka ce abin sha'awa ne sosai, aka wuce. Haka batun hoton mai rai. Mutanenmu da yawa in ka ce su zana mutum za su noƙe saboda addini, kuma wannan ba alamar ciwo ba ce. Ni dai da kaina na fara tunanin abin da zai yi aiki a gida, zanen lalle, zayyana irin ta allo, saƙar faifai, ɗinkin hula, zanen bango irin na gidajen Zariya, rini. Mace da ba za ta taɓa buroshi ba za ta zauna awa biyu tana saƙa tana magana. Ba su hana ni rubuta wannan a aikina ba, har sun yaba, amma babu mai koya maka shi.

To yanzu kuɗi, wanda shi ne ainihin dalilin rubutun nan.

Kwas ɗin shekara 2 ne cikakken lokaci, kuma wannan shekara biyun ita ke kashe maganar sikolashif. Chevening mastas na shekara ɗaya kawai take biya. Na Commonwealth ma na mastas shekara ɗaya ne. Don haka manyan ƙofofi biyun da kowa ke ambata in an ce karatu a Ingila a rufe suke tun kafin ka cika fom, kuma na ga mutane sun ɓata watanni suna rubuta takardar nema ba su karanta wannan sharaɗin ba. Masu tallafin karatu na gida kuma, PTDF harkar mai ce, TETFund na malaman manyan makarantu ne, NELFUND kuma bashin masu karatu a cikin gida ne. Kar ku ce mu baƙi kaɗai ne, 'yan ajinmu 'yan ƙasa ma kuka suke, don tallafin fam 5,000 a shekara da NHS, hukumar lafiyar ƙasar, ke ba ɗaliban nas da ungozoma da masu gashin ƙashi bai haɗa da mu ba, sai dai su ci bashin gwamnati na mastas wanda ba ya isa. Abin da ya rage shi ne ɗan rangwamen da jami'a ke yi wa ɗaliban waje, ni na samu, amma ɗigon ruwa ne a randa.

Kuɗin makaranta ka sa ranka a fam dubu 15 zuwa sama kowace shekara, ka buga da canjin yau ka gani. Harajin lafiya na biza fam 776 a shekara kuma gaba ɗaya ake biya tun kana gida. Sai ka nuna kuɗin zama na wata 9, sama da fam 1,000 kowane wata, sun kwana 28 a asusu. Gwajin tarin fuka, takardar 'yan sanda, kuɗin bizar kanta. Masu iyali kuma ku sani tun Janairun 2024 an hana 'yan mastas irin namu tahowa da mata ko miji da yara.

Sannan akwai wanda bai fito ɓaro-ɓaro a lissafin da makaranta ta turo mini ba, kuma shi ya fi ba ni haushi: dole kai ma ka riƙa ganin naka mai jinyar ƙwaƙwalwar duk mako har ka gama, daga aljihunka, wajen fam 40 zuwa 60 zama ɗaya. Na yarda da hikimar abin ɗari bisa ɗari, wanda bai san nasa raunin ba zai cutar da mara lafiya, kuma ni ya amfane ni fiye da yadda zan iya rubutawa a nan, amma a rubuta adadin da manyan baƙi kusa da kuɗin makaranta mana. Koyon aiki a asibiti ko makaranta kuma kwana 100 zuwa 120 ne, ya danganta da jami'a, ba a biyanka ko sisi, kuɗin jirgin ƙasa naka ne, kuma ni an tura ni nesa. Biza ta yarda ka yi aiki awa 20 a mako amma tsakanin aji da asibiti da rubutu sai dai ƙarshen mako, shi ya sa da yawanmu aikin kula da tsofaffi muke yi Asabar da Lahadi.

Bayan an gama, in NHS ta ɗauke ka yawanci matakin albashi na 6 ake farawa, ba laifi, sai dai guraben da yawa na kwana biyu ko uku ne a mako, mutane haɗa aiki biyu suke. A gida kuwa buƙatar ba sai an faɗa ba, duk wanda ya san Maiduguri ko Zamfara ya san yaran da nake nufi, ga asibitocin masu taɓin hankali na Barnawa da Kware da Dawanau, amma ka shirya kai ne za ka yi ta bayanin aikinka a kowane ofis, ƙila ta ƙungiyoyin agaji za ka fara.

Da ƙanwata ce ta tambaye ni, zan ce ta fara da gajeren kwas na gabatarwa da BAAT ke yi ta intanet ta ga ko abin nata ne, sannan ta duba Afirka ta Kudu kafin Ingila: Jami'ar Johannesburg na yin na zane, Pretoria na kiɗa, Wits na wasan kwaikwayo, kuma hukumarsu HPCSA na yi masu rajista.

Makina: koyarwa 4 cikin 5, kulawar malamai 5, bayanin kuɗi da tallafi 2. Mai tambaya kan tarin zanen da ake nunawa a intabiyu ya ajiye a ƙasa, zan amsa in na dawo daga aiki ranar Lahadi.