Daga Kolon zuwa Jos: batun laftof ɗinka mai zafi

Ƙanena Nura, assalamu alaikum. Da fatan su Baba da Inna suna lafiya, da mutanen Gangare baki ɗaya.

Na saurari saƙonka. Ka ce da zarar ka shiga gem irin su Warzone ko FC sai laftof ɗin ta ɗau zafi, fanka ta hau ihu, hoto ya riƙa tsinkewa, wani lokaci ma ta mutu ɗungurungum, don haka in aiko maka da sabuwa daga Jamus. Sabuwa dai ba za ta zo ba, kuma ba rowa ba ce. Bari ka ji yadda lamarin yake a nan, ka auna da kanka.

Kaya akwai su, wannan ba gardama. Ka shiga manyan shagunan kayan lantarki irin su MediaMarkt ko Saturn, ko ka yi oda ta intanet, yawanci cikin kwana biyu zuwa uku kaya na bakin ƙofarka. Amma yawan kaya bai ɗaga min hankali ba, don wanda ya taɓa zaga kasuwar kayan lantarki ta Banex a Wuse 2, Abuja, ya san mu ma ba a bar mu a baya ba. Abin da suka fi mu shi ne abin da aka rubuta a kwali shi ne a ciki, kuma doka na bayan mai saye. Duk sabon abin da ka saya, mai shago na da alhakinsa har shekara 2 idan da aibu ya zo. Wanda ka saya ta intanet kuwa kana da kwana 14 ka mayar, ba sai ka faɗi dalili ba. Ka kwatanta da namu na gida, inda ake cewa gwada a gabana, in ka fita da shi ya zama naka.

To amma wannan alhakin a kan mai shagon nan yake, ba zai bi ka Jos ba. Madannan laftof ɗinsu ma daban suke, Z na zaune a gurbin Y, kan cajarsu kuma mai ƙafa biyu ne zagayayyu, ba irin namu mai uku ba. Uwa uba, cikinta duk abu ɗaya ne da taka: furosesa (wato ƙwaƙwalwar laftof) ta Intel ko AMD, katin hoto na Nvidia, fanka biyu. Hunturu ɗaya za ta yi a ɗakinka ta fara irin wannan kukan.

Inda gida ya yi musu fintinkau shi ne gyara. A nan hannun mutum ya fi kaya tsada. Mafi ƙarancin albashi a 2025 Yuro 12.82 ne a awa, ƙwararre kuwa ya ninka haka nesa ba kusa ba. Shaguna da yawa sai ka biya kafin ma a duba a faɗa maka ciwon, sannan a tura ta wani gari, ka yi makonni kana jira. Ran Lahadi ko'ina a rufe. Shi ya sa Bajamushe yake sayen sukudireba ya koyi buɗe kayansa, ko ya kai wurin 'yan sa kai masu gyara kyauta da ake kira Repair Café, tsarin da ya faro daga Amsterdam a 2009. Kai kuwa ka hau keke Napep zuwa Terminus, kafin ka shanye lemo ɗaya yaro ya kwance ta ya ɗaure, a kuɗin da bai kai na tikitin jirgin ƙasa na yini ɗaya a nan ba. Wannan ni'ima ce, sai ka bar gida kake sanin darajarta.

Sai dai ka zauna a gabansa yana aikin, kuma ka san abin da kake kallo. Zafin furosesa da katin hoto yana bi ta wasu bututun jan ƙarfe zuwa wasu siraran faranti da ke bakin fanka, fanka ta hura shi waje. Tsakanin furosesa da jan ƙarfen akwai wani mai kauri mai launin toka, shi ne man sanyaya, aikinsa cike 'yan ramukan da ido ba ya gani don zafi ya wuce. Abu biyu ke lalacewa. Ƙura tana taruwa tsakanin fanka da farantan har ta zama kamar bargo, sai fanka ta yi ta juyi iska ba ta fita. Man kuma yana bushewa da shekaru. Idan furosesa ta kai wajen digiri 95 zuwa 100, ita da kanta take rage gudu don kar ta ƙone, katin Nvidia na laftof kuma yana yin haka tun wajen 87. Tsinkewar hoton da kake gani ke nan. Mutuwar da take yi kuwa kare kanta take.

Don haka ka tabbata ya cire igiyar batir kafin ya taɓa komai. Ya ciro fankar ya share bayanta, kar ya tsaya hura iska daga waje kawai. In zai hura, ya danne fankar da yatsa, don babban injin hura iska yana juya ta fiye da ƙima har ta lalace. Ya goge tsohon man tas da sifirit. Kuma kar ya shafa maka farin man nan marar suna da ake sayarwa a sirinji, wanda ke bushewa kafin damina ta zagayo. Wannan kaɗai ne wurin da kayan nan suka cancanci a ɗauko su a jirgi.

Batun yanayi kuwa, kada ka ɗauka Turai duk sanyi ce. Gidajen Jamus akasari ba su da na'urar sanyaya ɗaki, an gina su ne don riƙe ɗumi, kuma a Yulin 2019 zafi ya kai digiri 41.2 a Duisburg, nan kusa da mu. Masu ɗakin saman bene a lokacin bazara kukansu ɗaya da naka. Kamfanoni da yawa suna rubuta cewa laftof ɗinsu an yi ta ne don ɗakin da bai wuce digiri 35 ba. A nan Jos ta yi maka gata, don tana kan tudu sama da mita 1,200. Gaskiya ne iskar tudu ta ɗan fi sauƙin nauyi, ba ta kwasar zafi kamar ta ƙasa, amma sanyin garin ya biya wannan har da riba. Abokin gābarka ƙurar hunturu ce, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wadda su a nan ba su san ta ba. Bajamushe yana iya shekara biyu bai buɗe tasa ba, kai dole ka share duk ƙarshen hunturu. In kuma bautar ƙasa ta kai ka Abuja yadda kake fata, ka manta da gem da rana tsaka a Maris da Afrilu, sai dare ko ɗaki mai sanyi.

Sauran maganin ko kwabo ba ya ci. Na san ka, a kan katifa kake bugawa, alhali ta ƙasa take shaƙar iska. Ɗora ta a tebur, ka ɗaga bayanta da littafi ba tare da ka toshe ramukan ba. Faifan fanka da ake sawa a ƙarƙashi yana taimakawa kaɗan, amma yawancin amfaninsa ɗagawar ce. A cikin gem ɗin ka ƙayyade hoto ya tsaya a 60 a daƙiƙa, ka rage inuwa, ka kunna DLSS, tsarin Nvidia mai rage wa katin hoto aiki, in katinka na da shi. A tsarin wuta na Windows ka mayar da iyakar ƙarfin furosesa daga kashi 100 zuwa 99, wannan yana hana ta ƙarin gudun nan mai haifar da zafi, kuma a yawancin wasanni da kyar za ka ji bambanci. Akwai masu rage wa furosesa ƙarfin lantarki da manhajar ThrottleStop, sai dai tun bayan matsalar tsaro da aka gano a 2019 an kulle wannan a laftof da yawa. Kar ka sa ta a firji, kar ka ɗora mata ƙanƙara, raɓa za ta shiga ciki.

Wuta a nan ba ta ɗaukewa, amma kowane yunit yana cin kusan santi 40 na Yuro, don haka mai buga gem dare da rana yana gani a takardar kuɗin wuta. Ku taku matsalar ita ce in an ɗauke sai ku ci gaba a kan batir. Daina. Ƙarfin laftof yana raguwa, batir yana ɗumama, zafi kuma shi ke kumbura batir. In kana kan inbata ko janareto, yi amfani da cajarta ta asali, irin wannan laftof tana neman wat 180 ko fiye, jabu ba za ta iya ba. Duba manhajar kamfanin ka tsayar da caji a kashi 80 in akwai wannan zaɓin.

Wani ɗan uwa zai sauka Abuja ƙarshen wata, zan ba shi man Arctic MX-6, da ƙananan sukudirebobi, da robar hura iska ta hannu. Gwangwanin iska ba a shiga jirgi da shi, man nan mai kama da narkakken ƙarfe kuma ko an yi maka tayinsa ka ƙi, ɗigo ɗaya a kan allon ciki ya isa ya kashe ta. Kafin nan ka sauke HWiNFO, manhajar da ke nuna zafin laftof, ka buga gem na rabin awa, ka turo min hoton digirin da ta kai tare da lambar samfurin da ke rubuce a ƙarƙashinta. Ka ce wa Inna saƙonta na cikin jakar.

Yayanka.