Konbata mai babban sitol ko kular man giya, wanne za ka fara sa wa Lexus ɗinka a zafin Garwa

Salam ƙanena. Na ga tambayarka tun jiya da dare, ka ce kana da Lexus GS300 ta 2001, ka ga ana tallar tok konbata mai sitol 3,500 a intanet kana so ka sa don motar ta rinƙa fizga daga tsaye, kuma wani ya ce maka sai ka haɗa da kular man giya, wato ƙaramin lagireto mai sanyaya man, shin dole ne, in dole ne kuma wace iri. To bari in faɗa maka abin da na sani, don ni ma na taɓa ƙona man bwat, wato akwatin giya, a wannan hanya kuma ban ji daɗi ba wallahi.

Motarka injin 2JZ-GE ne da ita, silinda 6, bwat ɗin kuma A650E mai giya 5. Konbata shi ne ke tsakanin inji da bwat a madadin kuloci, ciki akwai fanka biyu suna kallon juna cikin mai, ɗaya inji ke juya ta ita kuma tana watsa man a kan ɗayar, ga kuma wata ƙarama a tsakiya mai juyo da man, ita ce ke ninka ƙarfin kusan sau 2 lokacin tashi. Sitol kuwa shi ne iyakar juyin da inji zai kai a minti ɗaya in ka danne birki ka taka totur a D tayoyi ba su motsa ba.

Yanzu mu ajiye konbatocin biyu gefe da gefe. Na kamfani yana kamawa da wuri, kana ɗaga ƙafa daga birki mota ta fara tafiya a hankali, ba ya zamewa da yawa saboda haka ba ya dafa mai, kuma shan fetur da sauƙi. Mai babban sitol kuwa yana barin inji ya hau sama kafin ya kama sosai, to da yake ƙarfin 2JZ marar turbo yana fitowa ne wajen juyi 4,000, tashin farko zai yi maka daɗi, wannan ba ƙarya ba ne. Amma duk zamewar nan da yake yi ina take tafiya? Zafi take zama, cikin man giya. A cikin gari, wajen babbar kasuwa inda 'yan mashin ke kutso maka ta ko'ina kana taka birki kana saki, konbatan yana ta zamewa ne kawai, motar za ka ji ta kamar ta yi sanyin jiki, inji na ƙara ita ba ta tafiya daidai da ƙarar. A babban titi in kulocin cikinsa ya kulle bambancin yana raguwa, shi ya sa ko wanne za ka saya ka tabbatar yana da lokof ɗin nan, kar ka yarda da wanda aka cire masa.

Kuma lambar da ka gani a talla ba tsayayya ba ce. Konbata ɗaya in ka sa shi bayan inji mai turbo zai ba da sitol sama, bayan injinka zai ba da ƙasa. Masu 3,500 ɗin nan yawanci don masu turbo babba aka yi su, waɗanda ke tsere a miƙaƙƙen fili. In injinka yana nan yadda ya fito daga kamfani, ni a ganina ka bar konbatanka. In ka nace, kar ka wuce ƙarin 300 zuwa 500 a kan na asali.

Maganar kula ita ce ta fi damuna, don mu nan ba Japan muke ba. Watan 3 da na 4 a Garwa da Marwa zafi na wuce digiri 40, Kusiri da Injamena ma haka. Man giya yana son ya zauna tsakanin digiri 80 zuwa 95, in ya fara wuce 120 sai ya soma ƙonewa, robobin ciki su bushe, farantan kuloci su fara zamewa. Ni abin da ya same ni, na hau tsaunin nan na Mbe zuwa Ngaundare da mutum biyar da kaya cike da but, tsakar rana, muna isa sama na zaro sandar awon mai na goga a farin tsumma, man da ya kamata ya zama ja kamar zoɓo ya koma kalar shayi mai kauri, warin ƙauri kuwa har wanda ke tsaye gefena ya ji. Kuma fa konbatan kamfani ne a motar. Ka lissafa da a ce mai zamewa ne.

Kula iri biyu za ka fi samu. Akwai mai bututu guda da ya lanƙwasa kamar maciji da siraran ƙarafa a jikinsa, ita ce mai araha, ba ta da nauyi, ƙura ba ta saurin toshe ta, amma sanyayawarta kaɗan ce in ka kwatanta da girmanta. Akwai kuma mai faranti-faranti da aka jera kan juna, irin waɗanda B&M da Derale da Setrab ke yi, Hayden ma na da nata. Wannan ƙarama ma ta fi waccan babba aiki saboda man yana bazuwa ya taɓa ƙarfe da yawa, kuma ta fi jure tsakuwa da girgizar ramukan hanyar Marwa zuwa Kusiri. Tsadarta ta fi, kuma lokacin hunturu ƙura na cika tsakanin farantan, dole ka rinƙa hure ta da iska ko ka wanke da ruwa marar ƙarfi. Duk da haka ita zan ce ka ɗauka, ba na ko shakka.

Wajen ɗaurawa nan ne ake yawan ɓata aiki. Man ya fito daga bwat ya bi ta cikin lagireto kamar yadda yake tun asali, sannan ya shiga sabuwar kular, sannan ya koma. A sa ta gaba inda iska ke bugu, sai dai ka sani za ta ɗan ƙara wa kilim, wato na'urar sanyaya cikin mota, da lagireto nauyi, don haka fankokinka su kasance lafiya lau. Ka duba lagireton kansa, in ya tsufa bututun cikinsa na iya fashewa ruwa ya haɗu da man giya ya koma kamar madara mai ruwan hoda, wannan kuwa bwat ya tafi. Tiyo kuma a sa na man giya, kar bakanike ya yanko maka tiyon fetur ya ce duk ɗaya ne, zafi zai kumbura shi ya tsiyaye maka mai a daji. Man da bwat ɗinka ke sha Toyota T-IV ne, bayan an ɗaura kula sai an ƙara kaɗan, a auna inji na aiki ya yi zafi giya na P. Ka sa agogon zafin man ma, kuɗinsa kaɗan ne, shi zai nuna maka gaskiya.

In daga baya ka sa turbo ka ga lallai sai sabon konbata, ka tsaya a kan bakaniken da kanka. A zuba mai cikin konbatan kafin a sa, a rinƙa juya shi ana turawa har ya faɗa mataki-mataki ya zauna can ciki, in bai zauna ba aka ɗaure noti da ƙarfi famfon bwat zai fashe tun tayarwar farko. Gwajin sitol kuma kar ya wuce daƙiƙa 5, a bar shi ya huce kafin a sake.

Ka fara da kular da agogon, ka yi sati biyu kana kallon allurar a cunkoso da kuma hanyar Ngaundare, sai ka turo mana lambar da ta kai mu gani. Allah ya tsare hanya.